Kwalbar da ta zo daga ƙasar sanyi, a karanta kafin a buɗe

Wata uwa daga Agege ta rubuto cewa: "Ɗana da ke karatu a Kanada ya aiko mini da tsarabar wata siririyar kwalba daga gonar tuffa ta wasu iyali a lardin Kebek, an rubuta cidre de glace a jikinta. Ya ce ruwan tuffa ne, amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ina jin nauyin in ce masa ya yi kuskure."

Hajiya, kin yi daidai da ba ki buɗe ba, domin barasa ce a ciki. Manoman can suna barin ruwan tuffa a waje lokacin hunturu har ya daskare, su tace mai kaurin zaƙin da ya rage, sannan su bar shi ya tsimu har barasarsa ta kai kashi 7 zuwa 13 cikin ɗari. A garin Dunham na Kebek aka fara wannan sana'a wajen shekarar 1990. Kada ki ga laifin yaron, kalmar ce ta ruɗe shi: a Amurka da wasu sassan Kanada, cider (wato cidre da Faransanci) kan nufi tatsattsen ruwan tuffa kawai, alhali a Ingila da Faransa da Kebek giya ake nufi. Ki kira shi ki sa masa albarka, sannan ki nuna masa cewa duk kwalbar da aka buga wa lamba tare da alc./vol., wato alamar yawan barasa, ba tamu ba ce. Ko tatsattsen ma kada ya aiko, domin idan ba a dafa shi ba, zafin Legas da ɗaukewar wuta za su tsima shi cikin 'yan kwanaki.

Wani mai sayar da albasa a Mile 12 kuma ya ce zai aurar da 'yarsa, an yi masa tayin katan ashirin na ruwan inabi marar barasa a kasuwar Oke-Arin ta Legas, wai daga wata ƙaramar gonar iyali a Kanada, kuma kuɗin katan bai fi na malt da yawa ba. Yana tambaya ko ya saya.

Alhaji, kada ka saya. Kai ɗan kasuwa ne, ka yi lissafi da kanka. Mai gonar inabi a ƙasar sanyi yana fama da hunturun da ke kashe itacen, har wasu a Kebek da Ontariyo kan binne kurangar da ƙasa kafin ƙanƙara ta sauka, su tone ta idan sanyi ya wuce. Masu jiran inabi ya daskare a jikin itace ba sa tsinka sai sanyi ya kai digiri 8 ƙasa da sifili, yawanci da dare, kuma ruwan da suke samu kaɗan ne. Miji da mata da 'ya'yansu ne ma'aikatan, abin da suka haɗa a shekara kuma akasari a ƙofar gona yake ƙarewa, a hannun baƙi masu ziyara. Ka ɗora kuɗin jirgin ruwa, da na kwastam a Apapa, da farashin dala a yau, ka gaya mini ta yaya irin wannan kaya zai iso Legas da arahar malt. Araha ba ta ado, kuma a abin sha tana iya kai mutum asibiti.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda muke taimakon masu jabu da hannunmu. A gama biki a bar kwalabe da murafensu lafiya lau, masu tsinta su kwashe, a wanke sama-sama, a ɗura ruwan kala da sukari da abin da Allah kaɗai ya sani, a manna takarda mai hoton gona da dusar ƙanƙara. A watan Disamba na 2023 hukumar NAFDAC ta rufe shaguna masu yawa a kasuwar Cemetery da ke Aba saboda irin wannan aiki, kuma kayan Aba ba a Aba suke tsayawa ba. Mutumin da ya yi ƙarya a kan sunan gona ba zai ji kunyar yin ƙarya a kan barasa ba, ga shi kuma malamai da surukai za ka zuba wa. Ko kayan na gaske ne ma, iri biyu ne. Akwai ruwan inabin da aka dafa tun farko don kada ya tsimu, dabarar da Thomas Welch ya fara a Amurka a 1869, akwai kuma giyar da aka gama haɗawa sannan aka cire barasarta, wadda kan rage har rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Hukuncin na biyun sai ka tambayi malaminka. Idan lallai sai an ga kwalba a teburi, ka je babban kanti, ka duba lambar NAFDAC da sunan wanda ya shigo da kayan da ranar lalacewa, ka karɓi rasit. Ni dai da zoɓo da kunun aya masu sanyi zan tarbi baƙina, kuma bayan biki a lalata murafen kafin a zubar.

Wani matashi daga Idi-Araba yana son sanin ko khal ɗin tuffa (wato vinegar) mai gurɓi-gurɓi a ƙasan kwalba, wanda ake tallatawa a Facebook da sunan na gonar Turawa, zai sa mahaifinsa ya bar maganin ciwon sukari.

Ɗana, wannan ba tambayar da za a kawo wa shafin sayayya ba ce, kuma amsarta a'a. Khal mahaɗin abinci ne mai kyau, tsaminsa wajen kashi 5 cikin ɗari, kuma gurɓin nan ƙwayoyin da suka mayar da shi khal ne kawai. Shan sa tsura yana cin haƙori yana ƙona maƙogwaro. Ka mayar da Baba wurin likitansa, kuɗin kwalbar kuma ka saya masa maganin wata.