Amsa ga almajirina: VLC ya ƙi girkuwa a kwamfutar tebur, shin a yi mata fomatin?

Ɗana, na karanta tambayarka. Ka ce an kawo kwamfutar tebur mai Windows 10 domin a sa mata manhajar kunna bidiyo, ka ɗauko VLC daga filashin shago, amma da ka danna shi sai wani ƙaramin akwati ya fito mai taken "NSIS Error", aikin kuma ya tsaya tun bai fara ba. Ka sake gwadawa, abin bai canza ba, shi ya sa kake neman izini ka yi wa kwamfutar fomatin ka ɗora mata sabon Windows. Ban ba ka wannan izini ba, kuma zan bayyana maka dalili dalla-dalla.

Da ka tsaya ka karanta rubutun da ke cikin akwatin nan har ƙarshe, da ka ga cewa ba kwamfutar yake zargi ba. Abin da ya saba rubutawa shi ne "Installer integrity check has failed", sannan ya ambaci saukewar da ba ta kammala ba da lalacewar abin da aka ajiye fayil ɗin a ciki. NSIS wani tsari ne da masu manhaja ke amfani da shi su ƙunshe fayilolinsu cikin fayil guda na girkawa, kuma da shi ƙungiyar VideoLAN ta Faransa ke ƙunshe VLC na Windows. Kafin ya kwance komai, yakan lissafa abin da ke cikinsa ya gwada da lissafin da aka rufe shi da shi tun daga tushe, kamar yadda mai sayen hatsi ke mayar da ɗinkakken buhu kan sikeli ya ga ko an taɓa shi a hanya. Idan lissafin ya saɓa ko da ƙanƙani ne, sai ya ƙi buɗuwa. Saboda haka fayil ɗin da ke hannunka ba shi ne ainihin wanda VideoLAN ta fitar ba. Ko dai bai gama sauka ba, ko ya lalace a filashi, ko kuwa wani abu ya shiga cikinsa. Da ka yi fomatin, ka share kayan mai ita, ka ɓata yini wajen neman direbobi (ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta su yi aiki da Windows), sannan ka mayar da filashin nan, saƙon da ka gani jiya shi za ka sake gani.

Daga cikin dalilan nan uku, na ƙarshen ne ya fi damuna, domin filashin shago yana shiga kwamfutoci barkatai. Akwai bairos, wato miyagun manhajoji masu yaɗuwa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, irin su Sality da Ramnit waɗanda aikinsu shi ne su manna kansu a jikin duk fayil mai ƙarewa da exe da suka tarar. Fayil ɗin girkawa da suka taɓa girmansa da lissafinsa sukan canza, kuma sau da yawa wannan akwati na NSIS shi ne alamar farko da mai gyara zai gani. Za ka ji wasu na cewa a kira fayil ɗin daga Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, a ƙara masa /NCRC a ƙarshe domin ya tsallake binciken. Umarnin yana aiki, amma ban yarda a yi amfani da shi a shagona ba, domin ma'anarsa ita ce ka tilasta wa kwamfutar mutum karɓar fayil ɗin da shi kansa ya shaida cewa ba lafiyayye ba ne.

Abin da za ka yi shi ne ka sauke sabo daga videolan.org kai tsaye, ba daga shafukan da ke fitowa a saman sakamakon bincike da sunan talla ba. VLC kyauta ne, babu rajista kuma babu biyan kuɗi, don haka duk shafin da ya nemi lambar waya ko ya ba ka wata ƙaramar manhaja wai ita za ta sauko maka da shi, ka rufe shi. Fayil ɗin na gaskiya yana kusa da megabait 40. Idan ka ga megabait 2 ko 15, ka san intanet ta yanke a tsakiya ko kuma ba shi ba ne. Girma kaɗai bai isa shaida ba. Shafin saukewar yana nuna wata doguwar lamba da ake kira SHA-256, mai haruffa da alƙaluma 64. Ka buɗe Command Prompt a foldar da fayil ɗin yake, ka rubuta certutil -hashfile, sai sunan fayil, sai SHA256, ka gwada abin da ya fito da na shafin. Idan sun yi daidai, fayil ɗin ya tsira daga zargi. Ka kuma danna shi da maɓallin dama na linzami, ka shiga Properties, ka duba Digital Signatures ka tabbatar sunan VideoLAN ne a wurin.

Wannan lamba tana da wani amfani da masu gyara da yawa ba su lura da shi ba, kuma shi nake so ka fi riƙewa. A ce ka tabbatar da fayil ɗin a kwamfutar shago, ka kai shi kwamfutar mai ita, sai akwatin ya sake fitowa. Ka lissafa lambar a can. Idan ta canza amma kullum sabuwar lamba ɗaya take ba ka, wani abu ne a kwamfutar ya gyara fayil ɗin, sai ka zargi bairos. Idan kuwa duk lokacin da ka lissafa wata lamba daban take fitowa alhali fayil ɗaya ne, to matsalar ta bar manhaja ta koma jikin na'ura, domin kwamfuta mai lafiya ba ta karanta abu ɗaya ta sami amsa biyu. A nan sai ka kashe ta, ka cire wayar wuta, ka zare RAM, wato ƙaramin allon ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfutar, ka goge bakinsa, ka busa ƙurar da ta taru a raminsa, musamman bayan hunturu, ka mayar da shi ya zauna daram. Sannan ka kunna ta, ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta mdsched a akwatin Run domin Windows ya gwada RAM ɗin, ko ka yi amfani da MemTest86 idan kana son gwaji mai zurfi. Ka duba lafiyar faifan ajiya da CrystalDiskInfo. Idan ya nuna gargaɗi mai ruwan ɗorawa, ka fara kwashe kayan mai ita zuwa wani wuri kafin ka sa chkdsk, umarnin da ke binciken faifai, domin dogon bincike yakan ƙarasa faifan da ya riga ya raunana. Kwamfutar tebur ba ta da batirin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta, kuma yawan mutuwa farat ɗaya tana cikin rubutu yana cikin abubuwan da ke lalata fayiloli, don haka ka tambayi mai ita ko yana da UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke.

Ba kowace gazawar girkawa ce irin taka ba, kuma gobe za a kawo maka wata mai saƙo daban. Idan girkawar ta fara, ta yi nisa, sannan ta tsaya da "Error opening file for writing", fayil ɗin lafiya yake, wurin da zai zauna ne aka hana shi. Ko dai asusun da ake ciki ba shi da ikon rubutu a Program Files, sai ka zaɓi Run as administrator, ko kuma tsohon VLC yana nan yana aiki a ɓoye ya riƙe fayilolinsa, sai ka buɗe Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, ka rufe vlc.exe. Kada ka danna Ignore a wannan akwati, domin za ka ƙare da manhaja rabi sabuwa rabi tsohuwa, wadda za ta buɗe yau ta faɗi gobe. Ka cire tsohon gaba ɗaya, ka duba ko foldar VideoLAN ta saura ka share ta, ka sake kunna kwamfutar, sannan ka girka. Ka kuma leƙa faifan C ka ga ko ya cika, ka rubuta %temp% a akwatin Run ka share tarkacen da ke cikin foldar da ta buɗe, tunda a nan mai girkawa ke fara sauke kayansa. Wani lokacin antibairos ne ke tarewa; ka buɗe tarihinsa ka ga abin da ya kama da dalilinsa kafin ka yi tunanin dakatar da shi, kuma ba a dakatar da shi sai an tabbatar da lambar fayil.

Batun 32-bit da 64-bit gajere ne: Windows da VLC kowannensu yana zuwa a nau'i biyun nan, kuma dole na VLC ya zama wanda Windows ɗin zai karɓa. Ka shiga Settings, System, About, ka karanta System type. Windows mai 64 yana karɓar duka biyun, mai 32 kuwa ba ya karɓar na 64 ko kaɗan, kuma tsofaffin kwamfutocin gwanjo da yawa 32 aka ɗora musu ko da injinsu na iya ɗaukar 64. Tsufan Windows ba ya cika hana VLC, domin jerin 3.0 da ya fito a 2018 yana aiki tun daga Windows XP.

Manhajojin da ke zuwa a fayil mai ƙarewa da msi lamba suke bayarwa maimakon bayani. Lamba 1618 tana nufin wata girkawa na gudana, sau da yawa sabuntawar Windows ce, sai a jira ko a sake kunnawa. Lamba 1603 kuwa cewa kawai take yi aikin ya rushe ba tare da faɗin dalili ba, don haka sai ka sa msiexec, mai girka fayilolin msi a Windows, ya rubuta rahoto da /L*V, ka nemi "Return value 3" a cikin rahoton, ka karanta layukan da ke samansa, a nan dalilin yake.

Akwai abubuwa biyu da suka shafi kwamfutocin da ake shigo mana da su daga Turai. Na farko, za ka tarar da wadda babu Windows Media Player a cikinta sam, kuma wasu manhajojin sauti da bidiyo suna ƙin girkuwa ko buɗuwa a kanta. Ka rubuta winver a akwatin Run. Idan ka ga harafin N bayan sunan Windows ɗin, ba lalacewa ba ce, haka aka yi shi. A 2004 Hukumar Tarayyar Turai ta yanke wa Microsoft hukunci a kan haɗa manhajar kunna bidiyonsa da Windows, ta wajabta masa fitar da nau'in da babu ita. Maganinsa shi ne a ƙara Media Feature Pack, wanda a sababbin fitowar Windows 10 da Windows 11 yake cikin Optional features. VLC bai damu da wannan ba, domin da nasa kayan warware sauti da bidiyo yake zuwa, kuma wannan ne ya sa na fifita shi a kan tara wa kwamfutar mutum tarin irin waɗannan kayan, da ake kira kodek, da ke karo da juna. Na biyu shi ne agogo. Ƙaramin batirin CR2032 da ke kan babban allon kwamfuta yakan mutu bayan shekaru, sai kwanan wata ya koma baya, burauza ta ƙi buɗe shafuka masu tsaro, Microsoft Store ma ya ƙi aiki. Ka kalli kwanan watan da ke kusurwar allo kafin ka fara komai.

Sai idan an tabbatar da fayil, an tabbatar da izini, RAM da faifai sun ci gwaji, kuma har yanzu babu manhajar da ke girkuwa, sannan ake zargin Windows kansa. Ko a nan ma akwai sfc /scannow da umarnin DISM mai RestoreHealth, waɗanda ke gyara fayilolin tsarin ba tare da taɓa kayan mutum ba. Idan mai ita yana gaggawa, VideoLAN na bayar da VLC a ƙunshin zip: ka kwance shi a folda, ka danna vlc.exe, zai yi aiki ba tare da girkawa ba, ya kalli bidiyonsa kafin ka gama bincike. Fomatin yana zuwa ne bayan duk waɗannan, da sanin mai ita, bayan an kwafe masa kayansa.

Gobe da safe ka fara da lissafa lambar VLC ɗin da ke filashin, ka gwada ta da ta fitowar da ta yi daidai da shi a shafin VideoLAN. Idan sun saɓa, kada ka sake sa filashin a kwamfutar kowa. Ka kawo mini shi mu bincika sauran fayilolin da ke ciki, ka kuma rubuto mini jerin kwamfutocin da ya shiga a makon nan domin mu kira masu su.