Dignify, Ennoble, Invest da Confer: Wacce Ce ta Naɗin Sarauta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai koyon aikin fassara. Ƙamus ɗina ya ba dignify da ennoble da exalt da invest ma'ana kusan ɗaya, wato ɗaukaka mutum ko girmama shi. Zan iya sa kowacce a madadin 'yar'uwarta? Kuma wacce zan ɗauka in zan rubuta labarin naɗin sarauta da Turanci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba sa maye gurbin juna. Kafin ka zaɓi ɗaya, tambayi kanka me aka ba mutumin, kuma wa ya ba shi.

Mu fara da dignify, don ita ta fi jefa masu fassara a rami. Asalinta Latin ne: dignus, wanda ya cancanta, da facere, mayar da abu. Ta Faransanci ta biyo, kamar yawancin kalmomin mulki da shari'a da suka cika Turanci bayan Normawa, masu magana da Faransanci, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. A Turancin yau ba kasafai ake nufin ba da muƙami da ita ba. An fi jin ta inda aka ba abu darajar da bai kai ba. In ɗan siyasa ya ce I will not dignify that with a reply, nufinsa maganar ba ta isa ya tanka ba. Saboda haka in ka rubuta cewa sarki ya dignify wani da sarauta, Baturen da ya karanta yana iya jin ƙanshin habaici, kamar kana cewa bai cancanta ba. 'Yan'uwanta kuwa lafiya lau suke: dignified mai kamala ne, dignitaries manyan baƙi.

Ennoble daga nobilis take, wato sananne. A Birtaniya ma'anarta ƙuntatacciya ce: a shigar da mutum sahun masu laƙabin Lord, kamar yadda ake yi wa waɗanda ake kaiwa Majalisar Dattawan ƙasar a ƙarƙashin dokar 1958 da ta ba da damar naɗin da ba a gadonsa. Tana da ma'ana ta biyu ta ɗaukaka halin mutum, kamar a ce haƙuri ko aikin taimako ya gyara zuciya.

A nan ake yawan kuskure, domin wanda aka ba laƙabin Sir ba a ennoble ɗinsa ba. Knighted ake cewa. Ahmadu Bello ya samu nasa a 1959, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960. Ka kuma kiyaye da ƙa'idar laƙabin: da sunan yanka yake tafiya. Sir Ahmadu ko Sir Ahmadu Bello, amma ba a taɓa cewa Sir Bello. Mace kuwa Dame ce. Ita knight ɗin ba ta Latin ba ce, tsohon Turanci ce, cniht, yaro ko bara, sai daga baya ta zama sunan barden sarki. Taɓa kafaɗarsa da takobi ranar naɗi shi ne dub, kalmar da yanzu ta koma nufin laƙaba wa mutum suna.

Exalt daga altus take, mai tsawo ko na sama. Ta fi zama a harshen ibada da yabo, shi ya sa za ka ga the Exalted a fassarar Ta'ala. Kada ka rikita ta da exult, wadda ke nufin yin murna ƙwarai.

Invest ita ce ta fi kusa da abin da kake nema, kuma ita na fi so ka riƙe. Tushenta vestis, tufa. Investire kuwa tufatarwa. A Turai ta da, mai ba da muƙami kan sa wa wanda ya naɗa riga, ko ya miƙa masa zobe da sanda a gaban jama'a. Bikin shi ne investiture. Batun bai tsaya ga ado ba: rikici ya ɓarke a 1076 tsakanin Fafaroma Giregori na Bakwai da Sarki Henri na Huɗu na Jamus a kan wa ke da ikon miƙa wa bishop, wato babban limamin coci, zobe da sanda, kuma ba a sasanta ba sai a 1122 a birnin Worms. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, tunda shi ma daga naɗa rawani ya samo sunan ba da sarauta gaba ɗaya. Ma'anar zuba jari da kowa ya sani a yau daga baya ta zo, ta hanyar Italiyanci, a farkon ƙarni na 17. Abin da ke raba su shi ne kalmar da ke biyo baya: invest in kuɗi ne, invest with muƙami ne ko iko.

Confer ita ce ta kowa da kowa: digiri, lambar girma ta ƙasa irin GCON, sarautar gargajiya. Sai dai ka lura da gininta. Abin da aka bayar shi ke zuwa farko, sannan on, sannan mutum: the university conferred a degree on her. Jaridunmu sun saba da he was conferred with, amma editan waje zai gyara, domin confer with a wurinsu yin shawara da wani ne. Bestow ma da on take tafiya.

To, labarin naɗinka. In masu karatunka 'yan Najeriya ne, turbaned ta wadatar: he was turbaned as Madaki. In na waje ne, rubuta installed as ko invested with the title of, sannan ka ambaci rawanin a jimla ta gaba don su ga yadda aka yi. Crowned sai inda aka ɗora kambi, kamar na Sarki Charles na Uku a Westminster ranar 6 ga Mayun 2023. Coronated kuwa ka guje ta, ko da ka gan ta a jarida. Ranar da gwamna ya miƙa wa sabon sarki sanda, ka rubuta presented with the staff of office.