Ku Tambayi Anti: Kuɗin Expo, Wanke-wanke da Naman Sallah

Salama a gare ku 'ya'yana. Saƙonnin wannan watan kusan duk daga 'yan sakandare suka fito, na zaɓi huɗu, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Anti ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni ɗan aji shida ne a wata makaranta a kudancin Kaduna, shekarata 17, ina cikin shugabannin FCS, wato ƙungiyar ɗalibai Kiristoci, na makarantarmu. An ce kowa ya kawo kuɗin "taimako" saboda WAEC, wato a sallami masu sa ido a rubuta mana amsa a allo. Duk ajinmu sun biya har da waɗanda muke addu'ar safe tare, Baba ma ya miƙo min kuɗin ya ce in kai kada in jawo masa asarar kuɗin rajista. Ga shi lissafi na ba ni wuya sosai. In na ƙi na yi wa Baba rashin biyayya, in na biya kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Yaya zan yi?

AMSA: Ɗana, tunda har zuciyarka ta ƙi kwanciya ai ka riga ka san amsar, so kake kawai wani babba ya faɗa maka da baki, to ga shi na faɗa, wannan satar amsa ce ko an kira ta taimako ko expo ko kuɗin lojistik. Akwai ma doka a kai tun 1999 da ta tanadi tara ko ɗauri, har ga wanda bai kai 18 ba, kuma WAEC kan riƙe sakamako, wani lokaci na santa guda ɗungurungum, mai laifi da marar laifi. Ga JAMB kuma tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta, can babu allon da za a rubuta maka komai, kai ne da abin da ke kanka.

Amma ba zan tsorata ka da wannan kaɗai ba don kai ma ka san da yawa suna yi suna wucewa lafiya lau, wasu har su zo coci ranar Lahadi su ba da shaida wai Allah ya ba su kiredit tara. Kuma ba zan yi maka alkawarin da Littafi Mai Tsarki bai yi ba, cewa in ka ƙi biya tabbas za ka ci lissafi. Kana iya faɗuwa fa. Kana iya zama gida shekara guda kana kallon abokanka suna ɗora hoton matrik na shiga jami'a a Facebook, abin da ciwo, kuma gara ka san da haka tun yanzu kafin ka yanke shawara, don wanda ya ƙi expo da tunanin Allah zai biya shi da A1 nan take shi ne wanda in sakamako ya fito ba daɗi sai ya yi fushi da Allah.

Ka buɗe Daniyel sura 1 ka karanta a hankali. Samari ne aka kwaso zuwa Babila ana koya musu karatun fada, aka ce ga abincin sarki, Daniyel ya ƙudurta ba zai ci ba. Abin da nake so ka lura da shi shi ne yadda ya bi da maganar, bai tara mutane ba bai zagi kowa ba, ya je wurin mai kula da su ya roƙa, da ya ga mutumin na tsoron ransa sai ya kawo shawara, a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa a gani. Haka za ka yi da Baba. Kada ka je masa da aya a baki kamar kai ne fasto shi ne ɗan ajin baftisma, mutumin nan kuɗinsa yake tunani da gobenka, ba mugu ba ne. Ka samu lokacin da ya ci abinci ya huta, ka durƙusa ka ce Baba kuɗin nan a bar ni in sayi tsofaffin tambayoyin lissafi da su, ko a biya wani malami ya riƙa yi min lesin da yamma, in WAEC ba ta yi ba ga NECO nan tafe, ga kuma ta 'yan waje da ake kira GCE a ƙarshen shekara. In kana jin nauyinsa ka bi ta wurin Mama ko wani dattijon ikilisiya da Baba ke jin maganarsa. Afisawa 6 da ta ce 'ya'ya su yi biyayya ga iyaye ta ce cikin Ubangiji, to ladabi dole ne, amma ladabi bai kai ga ka saci amsa ba.

Ranar jarrabawa in sun rubuta a allo ka sunkuyar da kai kan takardarka, da wuya kam, ido na da saurin zuwa. Kuma don Allah kada ka koma wa 'yan ajinku da wa'azi ko ka sa su a siteto na WhatsApp, wanda ya tambaye ka dalili ka faɗa masa a takaice shi ke nan.

Ku kuma iyaye da kuke leƙa wannan shafin, da masu makarantun da ke ɗauke da sunan coci a get amma ana wannan harka a ciki, yaran nan suna ganinmu fa. Tun 1957 aka fara FCS a Gindiri don ɗalibai su tsaya da bangaskiyarsu a makaranta, yau kuma yaro ya tsaya sai mu a gida mu ne masu ture shi.

TAMBAYA: Anti ni shekarata 15 ina Jos. Ina kwaya, wato mawaƙan coci, ina Girls' Brigade, ina zumuntar matasa, ranar Asabar kuma muna fita bishara da 'yan Sabon Rai. Mama kullum faɗa wai na bar mata aikin gida, har ta ce in na sake fita ban yi wanke-wanke ba za ta hana ni zuwa riyasal. Ba tsanani ba ne wannan saboda aikin Ubangiji?

AMSA: Haba 'yata, wane tsanani, kwanuka ne fa. Ni dai ina bayan Mama. Ki lissafa da kanki, kusan kowace yamma kina coci, to wa ke ɗebo ruwa wa ke kama mata girki wa ke duba ƙannenki? Yesu yana shekara 12 ya tsaya a Haikali iyayensa na ta nemansa, amma Luka sura 2 ta ce ya bi su suka koma Nazarat yana yi musu biyayya, daga nan ba mu ƙara jin labarinsa ba sai yana wajen shekara 30, kuma mutanen garinsu da masassaƙi suka san shi. A Markus sura 7 ma ya tsawata wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun riga sun ba Allah.

Ki zaɓi biyu cikin huɗun nan, sauran ki je ki gaya wa shugabanninsu gaskiya cewa gida na bukatarki, shugaba na ƙwarai ba zai ji haushi ba. Ki gama aikinki kafin ki sa yunifom. Ki kuma tambayi kanki tsakaninki da Allah ko duk fitar nan don sujada ce ko akwai wadda don hira da ƙawaye ce, ba laifi ba ne son ƙawaye amma kada a laƙa wa Ubangiji.

TAMBAYA: Anti babban abokina Musulmi ne, tare muka taso a Zariya. Da Babbar Sallah gidansu kan aiko mana da nama, wani a zumuntarmu ya ce bai kamata Kirista ya ci ba. Kuma abokin nawa kan yi min tambayoyi masu wuya kan Yesu, wani lokaci sai in rasa amsa in ji kunya.

AMSA: Maganar nama ɗana, fastoci ma ba bakinsu ɗaya ba, amma ni fahimtata ka ci ka yi godiya. Bulus a 1 Korantiyawa 10 ya ce in wanda ba mai bi ba ya gayyace ku kuna kuma son zuwa, ku ci abin da aka sa a gabanku ba sai kun tsaya bincike ba, a Romawa 14 kuma ya ce mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. In a gidanku ba a ci to ka bi tsarin gidanku, sai dai ko kusa kada a mayar da kwano da wulaƙanci. Da Kirsimeti ku ma ku kai musu shinkafa da cincin, gidaje da yawa ma kan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya don kowa ya iya ci, zumunta ai a ƙafa take.

Tambayoyi kuwa, "ban sani ba amma zan tambayo" ba abin kunya ba ne. 1 Bitrus 3 ta ce ku zauna da shirin ba da amsa game da begen da kuke da shi, amma da tawali'u da ladabi. Ka faɗi abin da ka gaskata, kada ka taɓa abin da shi yake girmamawa, ko da wasa. Kuma hirar ta tsaya tsakaninku ku biyu, ban da gurup ɗin aji na WhatsApp ban da kwament a Facebook, can magana ɗaya sai ta fita daga hannunka. Ba mu manta ɗalibar da aka kashe a Sakkwato a watan Mayun 2022 ba bayan wani saƙon murya a gurup ɗin ajinsu. In ka ga musu ya fara zafi ka ce masa abokina mu bar ta nan, ku koma hirar ƙwallo.

TAMBAYA: Anti da na buɗe Littafi Mai Tsarki sai barci, amma TikTok ina iya awa biyu ban gaji ba. Ni kam ko na ja da baya ne?

AMSA: 'Yata wadda ta ja da baya ba ta damuwa har ta rubuto wa Anti. Matsalarki lokaci ne da wurin farawa, kina bari sai kin kwanta da dare idonki ya gaji, ƙila kuma kin faro daga Farawa kin je kin maƙale a Littafin Firistoci. Ki koma safe, kafin ki kunna data, minti goma ya isa. Ki ɗauki na takarda ba na waya ba don saƙo ɗaya na shigowa kin tafi kenan. In Turancin King James ne ke sa ki hamma ki ɗauko na Hausa, tun 1932 muke da shi cikakke, da shi kakanninmu suka koyi karatu ma, ki karanta da ƙarfi kunnenki ya ji. Ki fara da Markus, sura 16 ce kuma labari ne mai gudu, rabin sura a rana, ki samu ƙawa ɗaya da za ku riƙa tambayar juna ina kika tsaya. In kun gama ku wuce wasiƙar Yakubu, ita sura biyar ce kawai.