Jan wasalin da ya koma baƙi

Ka ce in gaya maka abin da ya sa jan wasalin Alƙur'anin hannu yake fitowa baƙi a fim ɗin da muke haɗa farantin buga littafi da shi, da kuma wanda ya fara ɗaukar littafi hoto ya buga. Ku yaran yanzu gani kuke da waya aka fara duniya.

Wannan ciwo ya girmi kakanka. Tun 1844 wani mai ɗaukar hoto, Talbot, ya soma fitar da littafin hotunansa a Ingila, har da shafin wani tsohon bugu a ciki, amma ɗaya-ɗaya ake wankewa, kuma yana koɗewa. Sai a 1855 Poitevin na Faransa ya nuna cewa jelatin, wato danƙon da ake samu daga fata da ƙashi, idan aka haɗa shi da sinadarin bikromet, yana taurara inda haske ya taɓa, ya riƙe tawada mai maiƙo. A kan wannan Henry James, shugaban ofishin taswira da ke Southampton, ya buga Domesday, kundin ƙidayar filayen Ingila na 1086, tsakanin 1861 da 1863.

Ga yadda suke yi. A ɗauki shafi a gilashi mai jiƙaƙƙen magani, a wanke kafin ya bushe, minti goma zuwa sha biyar ke nan. A ɗora gilashin kan takarda mai jelatin, a shanya a rana. A shafe takardar da tawada, a wanke da ruwan ɗumi. Inda haske bai taɓa ba ya narke ya tafi da tawadarsa, rubutu ya tsaya. A danna a farantin tutiya, a shafa ƙaro. Sauran ko ɗan share shago ya sani.

To, maganin gilashin nan shuɗi yake gani. Ja da ɗorawa a wurinsa duhu ne, kuma haka ja yake a wurin fim ɗinmu. Fatar da ta tsufa ta yi ɗorawa sai ta fito da datti, tawadar da ta koɗe ta ɓace, don tutiya ba ta san tsaka-tsaki ba. Shi ya sa jan Domesday daban aka buga shi, kuma masana suka koma ga bugun jelatin mai fitar da inuwa, wanda wani mai ɗaukar hoto, Albert, ya kyautata a Munich ta Jamus a 1868.

Inda asara take ke nan, kuma har yau tana ci mini rai. Mai littafi zai zo da rubutun malaminsa, ka ce masa faranti uku ake bukata: baƙi, jan wasali, ɗorawar hamza. Ya ce kuɗi sun yi yawa, a yi ɗaya. Ka yi. Wasali ya haɗe da baƙaƙe, hamza ta koma ɗigo. Sai wani yaro mai rawar kai ya ɗauki buroshi wai zai share datti a fim, ya share ɗigon harafi da shi. An buga, an ɗinke, sannan mutumin ya dawo da almajirai biyu shaida, ya ce an ɓata littafin Allah, ba zai biya ba. Takarda taka, tawada taka, kunyar ma taka, ga shi ba ka isa ka sayar ko ka zubar ba.

Don haka kada ka kai buroshi kusa da harafin da ba ka iya karantawa. Ka ciro gwaji, mai littafi ya duba shi layi-layi da na asali, ya sa hannu, ya ajiye rabin kuɗi, sannan ka kunna inji.