Rage bolt da ƙara shi: me ya sa 7805 ɗina ke zafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Muna da batirin sola mai bolt 12 a gida, sai na haɗa masa 7805, ɗan abin nan mai rage bolt zuwa 5, don in riƙa cajin waya idan an ɗauke wuta. Kafin minti biyar sai ya yi zafin da ba ya taɓuwa, cajin kuma ya tsaya. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Da wuya ya zama jabu, ƙanena, kaya ka ɗora masa fiye da ƙarfinsa. Shi 7805 duk rarar bolt ɗin da ya rage, zafi yake mayar da ita. Cire 5 daga 12, saura 7. Idan wayarka na jan amfiya 1, wat 5 (bolt sau amfiya) ne ke isa gare ta, wat 7 kuma su ƙone a jikin wannan ɗan abu da bai kai ɗan yatsa ba. Ka ga fiye da rabin abin da ka ɗebo daga batirin ya tafi a banza. Da rana, lokacin da sola ke caji, batirin kan kai wajen bolt 14, asarar ta ƙaru. Ga kuma bazarar Katsina da zafi ke haura digiri 40. Tsayawar da ka gani, shi ne ya kashe kansa don kada ya ƙone; haka aka ƙera shi.

Nemi ɗan allon nan mai LM2596, wanda masu shago ke ce wa bok konbata. Shi kunna wutar yake yana kashewa sau 150,000 a daƙiƙa ɗaya, koyil da kafasita su daidaita ta, don haka abin da ke salwanta kaɗan ne. An rubuta yana ɗaukar amfiya 3, amma ni ba na barin sa ya wuce 2 sai da ƙarfen sanyaya.

Abin da nake roƙonka: kada ka jona waya kafin ka auna. A kan allon akwai wani shuɗin abu mai ɗan sukuru a kansa. Haɗa batir, ɗora mita a mafita, ka yi ta murza sukurun a hankali har mitar ta nuna 5. An taɓa kawo mini wayar da aka jona wa irin wannan allo daga fitowarsa leda. Da na auna, bolt 11 yake fitarwa. Wayar ba ta sake tashi ba, kuma har yau abin yana mini ciwo, don awon minti ɗaya ne zai cece ta. Ka kuma sa fis kusa da jan wayar batirin. In caji kawai kake so, cajar mota ma ta wadatar, irin wannan dabarar ce a cikinta.

Tambaya: Malam, daga Daura nake. Fawa bank mai bolt 5 zai iya kunna mini rauta (na'urar raba intanet) mai bolt 12?

Amsa: Zai iya, Hajiya, da allon ƙara bolt irin MT3608, ko kebul ɗin USB da aka saka wa shi a ciki. Sai dai bolt yake ƙarawa, ba ya ƙirƙirar ƙarfi. Duba bayan rautar: in an rubuta bolt 12, amfiya 1, wat 12 ke nan, kuma fitar da su daga bolt 5 na buƙatar kusan amfiya 3. Fawa bank da yawa amfiya 2 suke bayarwa. Sa'ar ita ce rauta ba ta cika jan duk abin da aka rubuta mata ba, shi ya sa sau da yawa take aiki. Idan kika ga tana mutuwa tana tashi, fawa bank ɗin ne ya gaza, ki nemi mai amfiya 3.