Amsar tambayar Alhaji kan kayan kula da kifin teku a gida

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Alhaji, Allah ya ƙara girma, na saurari muryar da ka turo daga Daura, inda ka ce kana son ka ajiye akwatin gilashi mai cin lita 200 a falo, ka zuba kifin teku masu launi, kuma kana tambayar kayan da za ka fara saya tunda ka saba da kiwon tarwaɗa. Shawarata a taƙaice ita ce ka bar maganar kifi tukuna, ka fara da kayan auna ruwa da na wuta, domin a ƙasarmu zafi da ɗaukewar wuta da ƙafewar ruwa su ne ke kashe irin wannan kifi tun kafin cuta ta same shi.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma shi ne za ka haɗa da hannunka, tunda teku tana can kudancin ƙasa, nesa da mu. Lita 200 za ta ci kusan kilo 7 ke nan a zubin farko. Gishirin miya ba ya yi, balle manda ko kanwa, domin babu ma'aunin kalsiyam da maganiziyam da sauran sinadaran da ruwan teku ya ƙunsa a cikinsu. Akwai gishirin da ake haɗawa musamman don wannan aiki, irin su Instant Ocean ko Red Sea, kuma shi za ka sa a kawo maka. Da shi za ka sayi rifraktomita, wata 'yar na'ura ce mai kamar guntun bututu, wadda za ka ɗiga ruwa digo biyu a kan gilashinta, ka rufe, ka leƙa ta wajen haske, sai ka ga layi ya tsaya a kan lamba. Lambar da ake so ita ce 1.025, ko kusa da ita. Akwai wata mai araha ta roba da allura ke lilo a cikinta, amma ban ba ka shawarar dogaro da ita ba, domin ɗan kumfa kaɗan ya maƙale a jikin allurar sai ta ba ka lissafin ƙarya.

Sai ruwan kansa, wanda mutane ke rainawa. Ruwan famfo yana da kulorin, ruwan rijiyar burtsatse kuma ba ka san abin da ya kwaso a ƙasa ba, ga shi jan ƙarfe ko kaɗan ne yana kashe jatan lande da murjani mai rai da ake rainonsa a cikin akwatin. Saboda haka ana buƙatar matatar da ake kira RO, tare da ɗan alƙalamin TDS da ake tsomawa a ruwa ya nuna yawan abin da ya narke a ciki. Ana son ya nuna sifili ko abin da ya yi kusa da shi. Ko ruwan leda za ka saya, ka auna shi kafin ka yarda da shi.

A nan ne nake so ka saurare ni da kyau, Alhaji. Iskarmu busasshiya ce, musamman lokacin hunturu da bazara, don haka kullum za ka ga ruwan akwatin yana raguwa. Ruwa ne kawai ke tafiya, gishirin yana nan, kamar miyar da aka bari a kan wuta har ta yi zartsi. Idan ka cike gurbin da ruwan gishiri, ka ƙara wa kifin azaba. Da ruwan RO zalla ake cikewa, kullum, kaɗan-kaɗan. Ka ja layi da alƙalamin maka a jikin gilashin daidai inda ruwan ya kamata ya tsaya, domin ko ba ka gida yara su san iyakar da za su kai.

Zafin da wannan kifi ke so yana tsakanin digiri 24 da 27, alhali mu a watan Afrilu da Mayu muna haura 40. Ma'aunin zafi wajibi ne, kuma ka ajiye akwatin nesa da taga inda rana ba ta dukansa. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage zafi sosai, sai dai tana ƙara saurin ƙafewa, amma idan falon ba shi da na'urar sanyaya ɗaki, to a tsakiyar bazara sai an haɗa da na'urar sanyaya ruwan kanta, kuma tana da tsada da cin wuta. Hita kuwa sai daren Disamba da Janairu za ka nemi ta.

Ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, shi ya sa ake sa ƙananan famfuna a ciki su riƙa kaɗa shi dare da rana. Idan aka ɗauke wuta suka tsaya, cikin 'yan sa'o'i za ka ga kifin sun taso sama suna haki. A ganina kada ka kawo kifi ko ɗaya sai ka jona famfunan nan da infata ko sola, kuma ka ajiye ƙaramin injin hura iska mai batir a kusa. Wayoyin wutar kuma a bar su su sauka ƙasa da soket kafin su hau, don kada ruwa ya bi waya ya shiga, tunda ruwan gishiri yana jan wuta fiye da na daɗi.

Za ka buƙaci kayan gwajin amoniya da naitirayit da naitiret, wato sinadaran da ke fitowa daga ƙazantar kifi, da kuma pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa. Bayan ka zuba ruwa da duwatsu, akwatin yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin bakteriya da ke cinye ƙazantar kifi su kafu, kuma sai amoniya da naitirayit sun koma sifili ake sa kifi, biyu ko uku da farko. Shi pH ana son sa tsakanin 8.1 da 8.4. Gwajin kalsiyam ka bar shi sai ranar da ka yi niyyar murjani, wanda ban so ka fara da shi ba. Sikima, wato na'urar da ke tayar da kumfa ta tara datti mai wari a wani ƙoƙo a samanta, tana da amfani ƙwarai ga lita 200, muddin ana zubar da ƙoƙon a kai a kai.

Sauran ƙananan kaya ne: tiyon zuƙe datti, maganaɗisun goge gilashi, raga, murfi saboda ƙurar hunturu, da sababbin bokitai da ba su taɓa ganin sabulu ba. Duk mako ka canza kashi goma cikin ɗari, wato jarka ɗaya mai lita 20 da gishiri giram 700, wanda ka haɗa tun jiya ya kwana yana juyawa. Kuma ka gaya wa Hajiya da yara cewa ba a fesa maganin sauro ko fiya-fiya a falon nan, turaren wuta ma a kai shi wani ɗakin. Idan ka samu farashin rifraktomita da matatar RO, ka turo hotunansu nan mu duba tare kafin ka biya. Na gode, Allah ya bar zumunci.