Me ya hana a haɗa ƙarfin halitta huɗu a ƙa'ida ɗaya?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa masana fiziks suka kasa haɗa ƙarfin nan huɗu wuri guda, wato ƙarfin lantarki da maganaɗisu (da ake ƙirgawa ɗaya), ƙarfi mai rauni na cikin ƙwayar zarra, ƙarfin da ke ɗaure cibiyar zarra, da ƙarfin jan nauyi. Ai an yi nisa. Maxwell ya haɗa lantarki da maganaɗisu a shekarun 1860. Glashow da Salam da Weinberg suka ƙara musu ƙarfi mai rauni na cikin ƙwayar zarra, aka kuma tabbatar a CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, a 1983 da aka gano ƙwayoyin W da Z masu ɗaukar wannan ƙarfi mai rauni.

Matsalar ta fara ne da ƙarfin da ke ɗaure cibiyar zarra. Ƙa'idar Georgi da Glashow ta 1974, wadda ta yi ƙoƙarin haɗa shi da waɗancan, ta ce furoton, ɗaya daga ƙwayoyin cibiyar zarra, zai lalace wata rana. A Japan, Super-Kamiokande, tankin ruwa mai tan 50,000 a ƙarƙashin dutse, bangonsa shafe da na'urorin kama haske sama da 11,000, yana jira tun 1996. Bai ga furoton ko ɗaya ya lalace ba, don haka wancan tsarin ya faɗi.

Ƙarfin jan nauyi ne ya fi gagara. Idan aka sa shi a lissafin kwantam, wato ƙa'idar da ke bayanin ƙananan ƙwayoyin zarra, amsa sai ta fito marar iyaka, ba ta gyaruwa. Gwada shi kuwa na buƙatar kuzarin da ya kai kusan 10^19 GeV (ma'aunin kuzarin ƙwayoyi), alhali LHC, babban injin karo da ƙwayoyi na CERN, yana kai 13,600 GeV kacal.